Kawu Isuhu da Girman Rubutu

Duk wanda ya taɓa shiga zauren Kawu Isuhu a ƙauyenmu na bayan Gezawa ya san yadda yake kunna kwamfutarsa. Zai yi bisimilla, ya danna, sannan ya ɗora yatsa kan maɓalli yana jira kamar mai dakon kifi. Kafin kwamfutar ta gama tashi akwai ɗan jerin rubutu da ke fara fitowa, wanda masu sana'ar ke kira gurub. A nan ake faɗa mata awon allo: in lambar ta yi ƙasa, haruffa su yi manya. To a nan Kawu yake tare ta kullum, ya duba ko wani ya taɓa masa lamba.

Tsohuwar kwamfuta ce da aka jefar a ofis lokacin yana malamin gona. Baƙin allo, farin rubutu, ba hoto ko ɗaya, batirin mota ke tayar da ita. A ciki ya rubuta iyakar kowace gona a ƙauyen, daga wace ɗorawa zuwa wace gamba.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma kwamfuta nake koyarwa a sakandare, amma ko sau ɗaya bai bar ni na taɓa ba.

"Uwani, ke hotuna kika karanta. Wannan aikin manya ne."

Matsalar ita ce ɗansa Sani. Ya gina gida a Ungogo, ya ware wa Kawu ɗaki har da fanka, ya ce ranar da idon Baba ya gaza zai zo da mota ya ɗauke shi. Kawu kuwa ya fi son a cire masa haƙori da a raba shi da gonarsa. Shi ya sa maganarsa ɗaya ce tak: "Idona lafiya, allon ne ya lalace."

Sani ya kawo tabarau. Kawu ya saka, ya leƙa tsakar gida, ya cire.

"Akuyata ɗaya ce, wannan abin ya ce biyu. Ba na son kayan ƙarya."

Sai ya ba wa Liman tabarau ɗin.

Sani bai daddara ba, ya aiko da laftof sabuwa dal. Da na je sai na tarar an rufe ƙwaryar fura da ita.

"Kawu, wannan fa tsada gare ta!"

"Na gani. Ko ƙuda ɗaya bai shiga ba."

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar da wasu manoma biyu, Malam Idi da Ɗanlami, suka zo suna jayayya kan iyaka, kowa jijiyar wuya a tashe. Kawu ya juya ga allo, ya gyara zama, ya fara karantowa: daga ɗorawa mai rami zuwa tsohuwar rijiya taku arba'in, sai a karkata gabas. Ya kawo sunan wanda ya shuka gambar da wanda ya yi shaida. Suka yarda, suka gaisa, suka tafi. Ni ina bayansa, kuma allon baƙi ƙirin yake tun farko.

Na ce a hankali, "Kawu, ai batir ya mutu."

Ya ce, "To ni na mutu ne?"

Na yi dariya har da ƙwalla, amma sai na gane wani abu. Bai ma san allon a kashe yake ba. Da yamma Sani ya kira ni yana tambayar lafiyar Baba. Na ce garau yake, yau ma ya raba gardama. Ban yi ƙarya ba, amma na daɗe ina jin nauyin abin.

Shekara biyu ya ƙara a ƙauyen. A ɗakinsa ya rasu, bayan an shigar da gero rumbu.

Bayan sadakar bakwai dattawa suka ce in fitar musu da rubutun iyakoki. Na kunna. Haruffan sun kusa kai girman kwabo. Na buɗe fayil ɗin saitin gurub don in mayar da awon daidai, sai na ga ashe duk canjin da ya yi yana barin bayani a samansa.

"1024x768. Shekarar da rijiya ta rufta."

"800x600. Bayan girbin dawa. Kada Sani ya ji."

"640x480. Babu ƙasa da wannan. Uwani ta sani, ba ta faɗa ba. Allah ya yi mata albarka."

Layin ƙarshen cike yake da kurakurai, da lalube ya rubuta shi. Na kwafe iyakokin na ba dattawa, lambar kuwa ban taɓa ta ba.

Allah ya jiƙan Kawu Isuhu, ya yafe masa, ya haskaka masa kabarinsa. Ya nuna masa gonar da ta fi wadda ya ƙi bari, da idon da ba ya gazawa. Amin.