Hatimin Ya Dace, In Ji Rosmawati

Rosmawati Lubis a gaban kwamfuta ta yi furfura, a wani kamfanin jigilar manja da ke birnin Medan. Kowane imel yana zuwa da hatimi a ɓoye, ita ce mai buɗe cikinsa ta ga ko hatimin ya dace da gidan da aka ce shi ya aiko. In bai dace ba, sai shara. Ba miji, ba ɗa, ga baki kamar reza. Ko manaja ne ya danna saƙon bogi sai ta ce, "Haba Maigida, wannan ai ko akuya ba za ta danna ba!"

Mutum ɗaya take raga wa a duniya, Yusnita, 'yar wanta Parlin. Yarinyar ta gama jami'a, ta ƙare a taya uwarta sayar da shinkafa a bakin titi. Kwatsam sai ga imel: aikin ofis a ƙetare, har da tikitin jirgi. Parlin ya ce atafau ba inda za ta sai ƙanwarsa ta gani.

"Bou, duba mana," in ji Yusnita, haka take kiran gwaggon tata. "Tsohon nan ya hana ni sakat."

Rosmawati ta duba, hatimi lafiya lau. Shekara da shekaru tana kama masu satar hatimin wasu, har ta saba ɗaukar duk wanda ya dace a matsayin mutumin kirki. Ko kusa ba ta kawo cewa mugu ma yana iya gina gidansa ya sassaƙa hatimin kansa ba.

Ta ce wa Parlin, wanda take kira Bang, wato Yaya, "Bang, ƙyale ta ta tafi. Na gaske ne, ni na faɗa."

Yusnita ta tafi, wayarta ta daina shiga. Sai imel jifa-jifa: ina lafiya, ku daina nemana. Daga baya wani da ya kuɓuto daga inda aka kai ta ya ba da labarin wurin. Gida ne mai doguwar katanga, ana tilasta wa mutane damfarar jama'a ta intanet, wanda ya gaza a jona masa lantarki.

Parlin bai zage ta ba, da ma ya zaga, da ta fi samun sauƙi. Duk saƙon da ya shigo sai ya kawo mata wayar har ofis.

"Ros, ke ce mai ganin ciki. Ita ta rubuta? Tana da rai?"

Ta buɗe, ta duba hatimin.

"Daga gidan ya fito, Bang. Wanda ya rubuta kuwa, hatimi ba ya faɗa."

Parlin ya share fuska da hularsa.

"Don Allah ki ce ita ce mana. Uwarta na waje tana jira."