Baba Kambai da Gayyar Jujin Afiniki

Kafin matan kasuwar Kafanchan su sauke kwandunansu, Baba Kambai ya riga ya fito. Za ka ji shi kafin ka gan shi, domin amalankensa yana da ƙafa ɗaya da ta rantse ba za ta yi shiru ba, ko an ba ta mai ko ba a ba ta ba. Idan ya kai bakin lungu sai ya tsaya, ya buga guntun ƙarfen reluwe da ya rataya a hannun amalanken. Mata su fito da shararsu, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar yara. Tifar hukuma tana bin manyan layuka ne tana kwashe abin da aka tara a durom. Lungunan kasuwa da na tsohon gari, inda mota ba ta shiga, na Baba Kambai ne. Haka yake yi sama da shekara ashirin, tun zamanin En'e.

A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na san babu ofishin da za a rataya hotonsa, shi ya sa ni Silvanus, malamin firamare a garin nan, na ɗauki alƙalami. Raina yana ɓaci idan na ga yadda muke tashi tsaye mu gai da wanda ya sa hannu a takarda, amma mu kau da kai mu toshe hanci idan wanda ya kwashe mana ƙazanta ya zo wucewa.

Ɗan wani ƙauye ne kusa da Godogodo, kuma manomi ne kafin ya zama mai shara. Noman bai taɓa fita daga jikinsa ba. Sauran ma'aikata zuba komai suke yi wuri ɗaya, shi kuwa sai ya tsaya zaɓe kamar mai tsintar shinkafa. Gwangwani ya kai wa maƙera su yi fitilar aci-bal-bal, kwalba ya ba masu sayar da manja, toka da ɓawon doya ya ware wa masu lambu, sauran ya ƙona. Mata suna tsokanarsa wai yana ɓata wa kansa lokaci. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Mama, shara ba iri ɗaya ba ne."

Mama Martha, shugabar Zumuntar Mata a majami'armu, ta sha ba da labarin shekarar amai da gudawa. Ta ce a lokacin kowa gudun bola yake yi, har wasu abokan aikinsa suka koma ƙauye. Shi kuwa ya ɗaure hanci da tsumma, ya haƙa rami can bayan gari, ya riƙa binne sharar kasuwa har cutar ta lafa. Wannan ji na yi a bakinta. Abin da zan faɗa yanzu kuwa da idona na gani, don a layinmu aka yi shi.

Bayan girbin 1976 wata mata mai suna Afiniki ta taso daga wani ƙauye ta wajen Kwoi. Mijinta ya rasu, ta kwaso 'ya'yanta ta zo gari don su shiga makaranta. Ta kama hayar gidan ƙarshe a sabon layinmu, daidai gaban nawa. Babbar 'yarta Emilia ce, don haka kowa Maman Emilia yake ce mata. Ba ta da gona a nan, ba ta da dangi. Abin da ta zo da shi tanda ce ta yin masa, kuma hannunta yana da daɗi. Ba a jima ba ƙofar gidanta ta zama wurin karin kumallon ma'aikatan reluwe da malaman makaranta. Daga tandar nan take ciyar da yaranta, ba ta da wata hanya.

A layinmu kowa yana da rabin durom a ƙofar gida, tifa ta zo ta juye. Afiniki ta ga durom ɗinmu sarai. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce a ranta: mutanen birni ba su da kunya. A ƙauyensu shara bayan gida ake zubawa, ta ruɓe, da damina a kwashe a kai gonar citta. Macen da ta tara shara a ƙofar gidanta kuwa ta shiga bakin duniya. Saboda haka ta share ƙofarta tas, ta riƙa kai toka da ganyen naɗe masa da ɓawo da sauran tarkace bayan gida, inda zana ta kewaye. Ta ji an ce hukuma tana kwashe shara, sai ta zauna jira.

Tifa ta zo ta wuce. Ta sake zuwa ta wuce. Direban yana ganin ƙofa fes, sai ya ɗauka matar ƙona shararta take yi. Abin dariyar shi ne yakan tsaya ya sayi masa. Afiniki ta ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga mata, ya yaba daɗin masar ya ja motarsa. Ita kuma ba za ta iya furta maganar shara a gaban mutanen da ke cin abinci ba. A zuciyarta ta yanke cewa don ita baƙuwa ce, gwauruwa, shi ya sa ake tsallake ta, ta haɗiye abin.

Duk rani jujin yana girma a ɓoye, yaran maƙwabta ma suka gano wurin suka riƙa ƙarawa ta saman zana. Da ruwan farko ya sauka sai asiri ya tonu. Wari ya tashi, ƙuda suka baro bayan gida suka dawo kan tanda. Malam Wilfred, duba-gari, ya zo ya leƙa, ya tarar da tsibin ya kusa kai tagar ɗaki. Mutum ne mai kirki, amma aikinsa aikinsa ne. Ya ce ta kashe wuta daga ranar. Zai dawo bayan mako biyu, kuma idan ya sami jujin yana nan, ba za ta ƙara sayar da abinci a garin ba. Ta je wurin masu tifa, suka zo suka duba, suka ce gaskiya mota ba za ta shiga ba, hanyar bayan gidan siririn lungu ne da mutum ɗaya ke bi a karkace. Ta gwada kwashewa da kwando ita kaɗai, ko alamar raguwa bai yi ba.

Layinmu ba ya cikin aikin Baba Kambai. Masa ce ta kawo shi, don yakan biyo ya saya idan ya gama zagaye. Ran nan ya tarar da tanda a kife, Afiniki tana zaune a bakin ƙofa ta zuba tagumi. Ina tsaye a ƙofata ina jin su.

"Maman Emilia, yau babu wuta?"

"Baba, sun ce in kashe. Motan yana wuce kullum, ba ya ɗauka shara na. Ban san me na yi masu ba."

"Ina durom naki?"

"A ƙofan gida? Inda mutane suna cin abinci? Baba, a wurin mu macen da ya yi haka, ko gaishe shi ba a yi."

Baba Kambai bai yi dariya ba, don shi ma ɗan ƙauye ne, ya san wannan kunyar. Ya ce ta nuna masa wurin. Na bi su. Ya tsaya gaban tsibin, ya naɗe hannun riga ya cusa hannu can ƙasa, ya ciro baƙar ƙasa mai ɗumi, ya murza ta a tafinsa. Fuskarsa ta washe.

"Wannan ai taki ne," in ji shi. "Share hawaye, 'yata. Ki jiƙa shinkafa da yawa ran Juma'a."

Ran Lahadi bayan wa'azi, da aka zo lokacin sanarwa, sai muka ga Baba Kambai ya miƙe. Bai taɓa magana a gaban jama'a ba.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji, ina kiran gayya ran Asabar."

Wani dattijo ya ce, "Gonan wa?"

"Ba gona ba ne. Juji ne, a gidan Maman Emilia."

Majami'a ta kaure da dariya, har Fasto ya rufe bakinsa da littafin waƙa. An san gayyar noma, an san ta rufin ɗaki, amma babu wanda ya taɓa jin an gayyaci mutane kwasar bola. Baba Kambai ya jira har aka yi shiru.

"Lokacin shuka ne," in ji shi. "Toka ne da ganye, ya ruɓe da kyau, na taɓa da hannu na. Wanda ya cika kwando, gonan shi zai kai. Masa da kunu yana nan. Burkutu dai babu, Fasto yana ji na."

Aka sake dariya, amma wannan karon na ga manoman da ke zaune a baya suna duban juna.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. A kwanakin kafin Asabar, da ya gama zagayensa da rana sai ya zo bayan gidan da manjagara. Ya riƙa tone jujin yana tsince fasassun kwalabe da tsatsattsun gwangwanaye, don ya san manoma ba takalmi za su zo. Kwalba ta yanke shi a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Na ce masa, "Baba, ka huta mana." Ya ce idan ƙafar mutum ɗaya ta yanke, ba za a ƙara amsa masa gayya ba.

Ran Asabar da safe layinmu ya cika. Manoma suka zo daga bakin gari da kwanduna da buhuna, wasu da kekuna. Mama Martha ta jawo matan zumunta suna kaɗa tulu suna waƙa. Da yake lungun ba ya ɗaukar mutum biyu, Baba Kambai ya jera mu, kwando yana bin hannu zuwa hannu har bakin titi. Shi yana can gaba da shebur yana cikawa. Ni ma na cire rigar malanta na shiga layi. Afiniki ta hura wuta a cikin gida, don masar gayya ba ta sayarwa ba ce, tana toyawa tana hawaye tana dariya.

Kafin la'asar an kai ƙasa. Abin da aka yi wa dariya ran Lahadi sai ga shi ana rububinsa. Wasu tsofaffi biyu suka kusa ba hammata iska a kan baƙin takin da ke can ƙarƙashi, sai da Baba Kambai ya raba musu shebur-shebur. Aka share wurin, aka watsa yashi. Sannan ya fito da rabin durom daga amalankensa, wanda ya yi wa murfi da guntun kwano. Bai ajiye shi a ƙofa ba. Ya kai shi kusurwar katanga, inda direba zai hango shi daga titi amma masu cin masa ba za su gan shi ba.

"Nan ba ƙofa ba ne, ba baya ba ne," in ji shi. "Ya yi maki?"

Ta ce, "Ya yi, Baba."

Da Malam Wilfred ya dawo, duk layin muka fito. Ya bi lungun ya shiga, ya daɗe, ya fito. Ya ɗaga murfin durom ya mayar. Afiniki tana tsaye ta haɗa hannu a ƙirji, yaranta sun riƙe mata zane. Ya dube ta ya ce, "Maman Emilia, hura wutarki." Matan layin suka rangaɗa guɗa. Muka waiga neman Baba Kambai, ashe yana can kasuwa yana zagayensa.

Baba Kambai, gwarzon lungu, kai ne ka dubi abin da kowa ya toshe wa hanci ka ga abincin gona a cikinsa. Kai ne ka fahimci kunyar baƙuwa ba ka mai da ita abin dariya ba. Ba layinka ba ne, ba 'yarka ba ce, babu wanda zai tuhume ka da ka juya amalankenka ka tafi. Ina alfahari da na zauna gari ɗaya da kai, kuma ba na jin nauyin faɗa.

A Lahadin da ta wuce aka yi masa sujadar godiya. Afiniki ta tashi yin magana. Ta ce, "Ranan da Baba ya zo, na riga na ɗaure kayan mu. Na gaya ma yara za mu koma ƙauye, makaranta ya ƙare. Ban gaya ma kowa ba sai yau." Emilia tana zaune a gaba cikin rigar makaranta, bana za ta gama firamare.

Mun gode, Baba. Ubangiji ya ba ka hutu mai daɗi, ya albarkaci gonarka da za ka koma. Mu kuma da muka rage, idan sabon maƙwabci ya tare a layinmu, kada mu tsaya a gaisuwar nesa. Mu shiga mu nuna masa yadda garin yake tafiya, mu tambaye shi abin da yake jin nauyin faɗa. Wanda zai gaji amalanken nan kuma, ku koyi sunansa, ku miƙa masa hannu. Hannu irin wannan ne ya hana yaran Afiniki barin makaranta.