Madam Asabe da Gaurakin Gidan Attahir

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a unguwarmu cikin Tawa ya san Madam Asabe. Gajeruwa ce, mai tafiya da sauri kamar wadda aka aika, kuma ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba. Tare muka koyar har ta yi ritaya, katanga guda ce kuma tsakanin gidana da nata. Ni Musulma ce, ita Kirista. Naman layya yakan tsallaka katangar nan zuwa wajenta, shinkafar Nowel, wato Kirsimeti, ta tsallako wajena. Abin da zan faɗa a kanta yawancinsa a gabana aka yi.

Daga wajen Maraɗi ta zo nan ƙasarmu ta Adar tana amarya. Mijinta Bulus ma'aikacin lafiya ne, irin wanda muke ce wa majo, aka tura shi garin Barmu. Ta sha gaya mini cewa farkon zuwanta kuka take yi. Duk inda ta duba duwatsu ne da ƙaya, ba inuwa irin ta gida, ba majami'a kusa, ba wanda ta sani.

A lokacin ne aka kawo wa Bulus wani Buzu mai suna Alƙasum, gatari ya sare shi a ƙafa. Alƙasum makiyayi ne a da, fari ya cinye masa dabbobi, ya dawo ya kama lambu a bakin tabkin Gidan Attahir, wani ƙauye arewa da Barmu. Bulus ya ɗinke ƙafar, ya yi ta jinyarsa har ya warke. Da Alƙasum ya tashi komawa ya ce lalle majo ya kawo matarsa su sha shayi a lambu.

Washegarin Nowel suka tafi. Suna zaune bisa tabarma, Aminata matar Alƙasum ta kawo musu cuku da dabino, sai Asabe ta ji kuka mai ƙarfi daga bakin ruwa. Ta miƙe ta duba. Gauraki ne, garke guda, dogaye, kowane da tukkunsa mai ruwan zinariya. Biyu daga cikinsu suka ware suna rawa, suna buɗe fukafukai, suna tsalle, suna sunkuya wa juna. Ta ce tun da ta zo ƙasar ba ta yi dariya ba sai ranar.

Shi ke nan abin ya zame musu al'ada. Ko bayan an maido su Tawa, kowace shekara washegarin Nowel sai sun ɗauki shatar mota, an cika ta da yara da tukunyar shinkafa da dambun zogale, an nufi Gidan Attahir. Ƴaƴanta a wannan lambu suka fara ganin yadda ake ban ruwan albasa. Da Bulus ya rasu mutane sun zaci za ta bari. Ba ta bari ba, sai ma ta ƙara da jikoki, ta ƙara da ni. Ba ƙofa a wurin, ba mai karɓar komai. Ka zo, ka gai da mai lambu, ka zauna, ka yi kallo. Doka guda ce, ta Alƙasum: ba a jifa, ba a ihu kusa da ruwa.

Shekarar da abin ya faru mun iso da hantsi kamar kullum. Yara suka diro daga mota suka sheƙa bakin tabki, sai ga su sun dawo jiki a sanyaye. Ruwa na nan, balbelu na nan, amma ba gauraka ko ɗaya.

Alƙasum ya tsufa a lokacin, yana dogara sanda. Sai da ya zuba mana shayin fari sannan ya yi magana.

"Madam, sun kwashe su."

"Su wa?" in ji Asabe.

"Mutanen birni, da mota mai buɗaɗɗen baya. Dawa sunka jiƙa da magani sunka watsa inda tsuntsayen ke kiwo. Duk wanda ya ci sai ya kama layi ya faɗi. Sunka bi suna tsincewa suna turawa cikin buhu kamar albasa. Waɗanda maganin ya yi wa yawa nan sunka bar su, ni na binne su. Sauran sun tashi, ba su sake dawowa ba."

"Kai kuma kana ina, Malam Alƙasum?"

"Ina tsaye. Na ce su ji tsoron Allah. Wani yaro da bai kai jikana ba ya ce mini, 'Tsoho, tabkin na ubanka ne?'"

Asabe ta ajiye kofin shayin. Ranar ba ta taɓa abinci ba. A hanyar dawowa ba ta bar kowa ya huta ba, faɗa take yi da mutanen da ba ta san ko su wane ne ba.

Ba a daɗe ba ta sani. Wajen ƙarshen sanyi wani attajiri mai manyan motoci, Elhaji Issouf, ya buɗe lambun shaƙatawa a bakin gari. An shimfiɗa ciyawa, an kafa lilo, ana sayar da lemo mai sanyi, an ce har namun daji akwai. Sulemanu, babban ɗan Asabe, a garejin Elhaji yake aiki. Ranar Litinin ta Paska, wato Ista, ya zo da murnarsa, wai maigidansa ya ce ya kawo iyalinsa su shiga kyauta. Jikoki suka yi ta tsalle. Asabe ta ɗaura kallabinta ta leƙo ta katanga ta ce, "Raƙiya, taho mu je mu ga abin duniya."

Mun ga lilo, mun ga ciyawa. Mun ga biri ɗaure da sarƙa a rana, da wani kunkuru da aka rubuta wa sunan lambun a baya da fenti. Muna zagayawa bayan wurin sayar da lemo sai jikarta Alheri ta ja mata zane.

"Kaka, ga tsuntsayen Baba Alƙasum!"

Keji ne na waya, ƙasansa siminti, da wani kwanon roba mai koren ruwa. Gauraki shida a ciki, a tsaye kawai, tukkunsu ya cukurkuɗe, ƙafafunsu sun kumbura saboda simintin. Yara na zura kara ta waya suna tsokanarsu. Wani mai hoto ya fito da ɗaya, ya riƙe ta a wuya, mutane na jeruwa a ɗauke su da ita. Da ta yi yunƙuri sai ya ƙara matsewa.

Asabe ta tambayi mai gadin kejin inda aka samo su. Ya ce, "Wajen Barmu, Madam. Da sun fi haka yawa, mutuwa suke yi."

Ban ankara ba ta bar gefena. Elhaji na zaune ƙarƙashin rumfa da baƙinsa, ta ratsa su ta tsaya a gabansa. Ta gaishe shi, don ba ta taɓa tsallake gaisuwa ba, sannan ta ce, "Elhaji, tsuntsayen can ina ka same su?"

"Saye na yi, Madam."

"Ga wa? Wa ke da su da har zai sayar maka?"

Elhaji ya yi murmushi ya dubi baƙinsa. "Madam, ai taimako ne. Nan suna cin abinci, yaran gari suna ganinsu ba sai an sha wuyar hanya ba."

"Ganin mi suke yi? Je ka duba su da kanka, in ka taɓa dubawa. Ni na san tsuntsayen nan tun ba ka sayi tayar farko ba. Ɗiyana sun gan su suna rawa, jikokina sun gani, ɗiyan ƙauyen can da ba su da ko takalmi sun gani, ba wanda ya ce su biya. Kun sa musu guba, kun kashe na kashewa, kun kawo sauran kuna shaƙe su a yi hoto. Wanga ne taimako?"

Sai wani daga cikin baƙin, mai babbar riga da tabarau, ya ce, "Oh, tsufa! A kan tsuntsu?" Aka fashe da dariya. Har yau in na tuna dariyar nan raina yakan ɓaci. Cikin masu yin ta akwai biyu da na san Asabe ce ta koya musu riƙe alli.

Sulemanu ya iso da gudu ya kama hannunta. "Inna, don Allah. Nan nike cin abinci."

Ta dube shi, ta zare hannunta. Ba ta jira mota ba, ta fita ta tare kabu-kabu ta koma gida.

Daga nan ta shiga yawo. Ta je ofishin da aka ce mata nan ake kai irin wannan ƙara, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ta koma, aka ce yana taro. Ta yi magana a majami'a, aka ba ta haƙuri. Sulemanu ya daina shigowa gidan sai in ya tabbata ta fita. Bazara ta shigo, zafi ya sauka a kan simintin nan, gauraki suka ci gaba da mutuwa.

A ƙarshe ta je wajen Hajiya Shamsiya, matar Elhaji, wadda ita ma ɗalibarta ce a da. Na raka ta. Shamsiya ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa ta gaishe ta. Asabe ba ta roƙe ta ba. Cewa ta yi, "Shamsiya, tashi ki ɗauko mayafinki." Ta kai ta har gaban kejin da tsakar rana, ta tsayar da ita a nan. Saura biyu, baki buɗe suna haki, ɗaya ta durƙushe a kan gwiwa. Shamsiya ta tsaya kaɗan sai ta rufe fuska da mayafi.

Ban san abin da ta gaya wa mijinta ba. Cikin makon dai aka aiko wa Asabe cewa ta zo ta ɗauki kayanta.

Muka ɗauki shatar mota muka kai gaurakin biyu Gidan Attahir, kowace a lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Asabe duk hanya tana zuba musu ruwa a baki da cokali, tana cewa gashin fiffiken da aka yanke musu ai tsirowa yake, kafin damina ta ƙare za su tashi su nemo ƴan'uwansu. Alƙasum ya tarbe mu a bakin lambu. Ya karɓi ɗaya, ya zauna, ya buɗe fiffikenta a hankali. Sai ya tsaya. Ya buɗe na ɗayar.

"Madam, ba gashi sunka yanke ba. Ƙashi ne. Duba nan."

Ta duba. An datse kan fiffiken daga gaɓa, wurin ya warke ya bar dungu.

"Waɗanga sun gama tashi," in ji shi.

Na zaci za ta yi ihu. Sai ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da zanenta na fita. Aminata ce ta zo ta ɗaga ta.

Suna nan a lambun har yanzu. Da rana suna bin Alƙasum tsakanin fangalin albasa suna cin fara, kafin magariba ya kora su cikin akurki saboda dila. Ƙafafunsu sun warke. Garken kuwa bai dawo ba. Lambun Elhaji yana cika maƙil duk ranar hutu, an ce ma an zuba wasu tsuntsaye a kejin, daga wani wurin dabam. Sulemanu yana nan a aikinsa, sun shirya da uwarsa, amma in zai kai yara lilo ba ya faɗa a gabanta.

Kwanan baya ina tsakar gida na ji ta ƙwala mini kira. Na zagaya na same ta tana tsintar wake, rediyo a gefenta. Wani shiri ake yi a kan mutanen kirki na gari, ana yabon Elhaji Issouf, wai don ƙaunarsa ga halittun Allah ya maida tsuntsaye daji da hannunsa. Aka ce masu saurare su bugo. Ta ture tiren wake ta ɗauki wayarta, ta yi ta bugawa har ta samu shiga.

"Ni ce Asabe, matar marigayi Bulus majo. Ina son ku tambayi Elhaji, da wane fiffike..."

Nan aka katse ta aka sa kiɗa. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"Raƙiya, ba ni taki," ta ce. "Lambata sunka gane."