Ɗorawar Kan Iyaka

Malam Ɗalha ya tsufa yana koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Gwari, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Na zauna a ajinsa, na sha jifa da alli.

Darasin da ya fi ƙauna shi ne na iyaka. Sai ya rubuta a allo cewa ninkin x biyu, a ƙara ɗaya, bai wuce tara ba. Ya cire ɗaya, ya raba biyu, ya ce x bai wuce huɗu ba. Daga nan ya zana alamar baka mai kusurwa a gefen huɗun.

"In baka mai kusurwa ce, huɗu tana ciki. In mai lanƙwasa ce, tana waje. Kamar ɗorawata, ita tana ciki!"

Kowa ya san ɗorawar nan. Tana tsaye daidai kan iyakar gonarsa da ta Auta, wani manomi na wajen Kuyello, a bakin daji. Duk shekara in ta nuna sai sun gurfana gaban mai unguwa. Auta ya rantse kakansa ne ya dasa ta. Malam ya tsuguna ya zana bakarsa a ƙasa da tsinke. Mai unguwa ya leƙa ya ce, "Malam, wannan kuma layar mece ce?"

Sai 'yan bindiga suka hana noma a yankin, gonakin biyu suka koma ciyawa. Auta ya kwaso iyalinsa zuwa gari ba masauki, kuma Malam ne ya buɗe masa gidansa. Kullum da safe suna shan koko tare, suna musu a kan itacen da ba mai iya zuwa gindinsa.

Bara ciwo ya kwantar da Auta. Na je dubiya, na ji yana cewa, "Malam, na bar maka ɗorawar."

Malam ya fusata. "Kai, ba a yi mini kyauta da abina!"

Can Malam ya ɗauki tsinke ya zana baka biyu masu kusurwa, baya da baya.

"Gonata ta ƙare a kanta, taka ta fara a kanta. Tana cikin kowace. Lissafi ya yarda da haka."

Auta ya yi dariya har da tari. "To duk shekarun nan lissafin ya sani, ya yi shiru?"

Ranar na fara ganin hawayen Malam, kuma wallahi ya ba ni tausayi.