Manomin da Motar Zugurma ta Bari

Ranar da ruwan shuka ya sauka a Kontagora, na fake a rumfar Sati mai gyaran rediyo, nan bakin tasha. A nan na ga mutumin. Babba ne, har da furfura a gemu, yana zaune bisa buhun irin masara, ya saki baki gaban talabijin kamar akuya ta hango dusa. Wasu Turawa yake kallo cikin jirgi, suna yawo tsakanin taurari.

Sati ya ce mini, "Baba, bara da ya fara zuwa tsaki yake yi, wai ƙaryar Nasara ce. Yanzu ya haddace sunan kowa a jirgin, alhali ko Turanci ba ya ji."

Ɗan kamasho ya leƙo. "Maigandi, taso, motar Zugurma ta ƙarshe ce. Gobe kowa na gona."

Bai ko waiwaya ba. "Dakata su sauka lafiya tukuna." Sai ya girgiza kai, ya dube ni. "Malam, mutanen nan tausayi suke ba ni. Shekara da shekaru suna tafiya, ba wanda ya koma gida ya yi shuka."

Ina jin iyalinsa na can da ƙwaryar shuka, suna duban hanya. Motar ta tashi, wata kuma sai jibi, lokacin ƙasa ta bushe.

Yau da safe na bi ta wurin. Yana nan a rumfar, yana jiran Sati ya sa wani kaset ɗin fim ɗin.