Sunan da na kasa faɗi gaban ordinatar

Ƴan uwa, yau wata mata cikin ordinatar, wato kwamfuta, ta sa ni kuka gaban mutane!

Wurin aikinmu na gyaran albasa nan Madawa, shef, wato shugabanmu, ya tara mu da hantsi. Wai wata malama za ta yi muna magana daga Yamai kan damuwar zuciya. Sai ga ta cikin gilashin ordinatar, dattijuwa da farin lulluɓi. Tac ce kowace ta faɗi sunan wanda tunaninshi ka hana ta kwana. Hadiza tac ce mijinta, anka bushe da dariya. Da anka zo kaina, bakina ya mutu! Ɗiyata ce, yau kwana goma da anka kai ta yaye wajen uwata, Inna, a Ibohamane. Ƴar fari ce, ƙaƙa zan kama sunanta?

Malama ta dube ni tac ce, "Ƙanwata, ƴar fari ce ko? Bar sunan. Ke da anka kai ki yaye, mi uwarki ta yi?"

Wayyo, sai na tuna labarin da kakata ka ba ni! Ni ma ƴar fari ce, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, amma da anka kai ni yaye wajen kaka, kullum sai ta zo bayan dangar kaka tana leƙe, wai neman kazarta take. Inna ko ba ta da kaza ko guda!

Na faɗa musu, mata na ta sharar hawaye. Sai shef yac ce, "Habsu, ran asabar ki tahi Ibohamane ki nemo kazarki."