Jan keken da Inna ba ta sani ba

Jiya na tura keken marigayi Baba har ƙofar ɗakin Inna, don ita nake so ta fara gani. Irin mai giya ne da kaurin taya, tun ina lakol, wato makarantar boko, ya saye shi.

Na daɗe ina gyaransa. Sirdi da feda ma sai da na bi tsofaffin masu gyara a kasuwar Cadawa kafin na samo irin na da, don ba na son na zamani. Koriyar robar da aka naɗe jikinsa da ita kuwa, na warware ta duka. A ƙarƙashi na tarar da jan fentin kamfani, ko ƙwarzane babu.

Inna ta leƙo, ta ƙare masa kallo.

"Na wa ka aro?"

"Inna, na Baba ne fa."

"A'a, na babanku kore ne. Tun a kasuwa ya sa aka naɗe shi, kada fentin ya lalace. Ni ban taɓa ganin jan keke a gidan nan ba."

Ta koma tankaɗenta.

Ina jin na mayar da keken zuwa zamanin kamfani, na wuce zamanin Baba. Robar tana cikin buhu, ban yar ba. Da ku ne, za ku sake naɗe shi?